Kaurin Farce

A wani lungu na Havana, bayan coci,
Eulalio ya baje gaskit uku kan jarida.
Sau biyu ana kankare kan injin nan,
ƙarfe ya zaizaye kamar haƙoran mai shi.

Siririn zai sa fistin ya gwabri bawul.
Mai kaurin kuwa, mota ta yi ta haki
a hawan tudu, fasinja na turi.

Ya liƙa yumɓu bisa fistin,
ya ɗaure, ya juya da hannu, ya kwance.
Yumɓu ba ya ƙarya.

“Na tsakiya,” ya ce da jikarsa Yaneisi.
“Kaka, bambancinsu bai kai kaurin farce ba.”
“Shi ya cinye injin ubanki.
Miƙo sifana, kofina na hucewa.”