Yi Haƙuri, Baba

A teburin mai shayi, a Jekadafari,
Bappayo ya ce, "Gwiwa ce ta raba ka da ƙwallon gora."
Na ce masa e, don kada shayina ya huce.
Gwiwa kam tana da nata laifin:
shekara uku ke nan ina zaman tahiya
ƙafa ɗaya a miƙe kamar itacen da aka yasar,
yara na tsallake ta in an sallame.

Amma ba ita ta kore ni ba.

Ba alawus ba ne kuma,
da ake ta cewa wata mai zuwa, wata mai zuwa,
har watan ya yi furfura.
Mun saba. Mun sha gari da ƙuli a motar Ilori,
na kwana a ajin makaranta, gorata ce matashin kaina.
Haƙorin nan na gaba a Kaduna na baro shi,
ban ko tsaya nema ba, ana ɗaya da ɗaya.
Ran sunan Hajjo ina Fatakwal,
ta waya na ji kukan ragon.

Abin da ya faru ƙarami ne.
Wata Laraba, a Pantami, bayan la'asar,
ƙwallo ta taho tana shafar ƙasa.
Na san inda za ta bi tun ba a buga ta ba,
shekara goma sha tara ina karanta kafaɗun mutane.
Zuciyata ta isa wurin, ta tsaya tana jira.
Ƙafata ba ta zo ba.

Lamela ne ya wuce ni,
yaron da na yi wasa da ubansa,
wanda na koya wa ɗaurin takalmi.
Ya zura ta a raga, bai yi tsalle ba,
ya dawo a hankali, kai a sunkuye,
ya ce, "Yi haƙuri, Baba."

Da zagina ya yi, da na dawo washegari.
Da kafaɗa ya sa mini, da na rama.
Amma ran da abokin karawa ya fara jin kunyarka,
yana rage gudu in ya zo dab da kai,
fili ya riga ya sallame ka,
kai ne ba ka ji ba.

Koci bai ce uffan ba.
Ya miƙo mini ruwa da hannu biyu.

Yanzu gorar tana bayan ƙofa,
robar da na naɗa mata ta fara warwarewa.
Hajjo na kaɗo gwaiba da ita,
ta ce lanƙwasar bakin don haka aka yi ta.
Da la'asar tafin ƙafata kan yi ƙaiƙayi,
sai in hau babur in zaga ta Bolari
don kada hanya ta kai ni Pantami.

Jiya ta kai ni.
Na tsaya bayan katanga, ina jin ƙwas, ƙwas,
na gane bugun Lamela ban ko gan shi ba.
Har yanzu yana ɗaga kai da wuri.
Sai an samu mai faɗa masa.