Kwalba Ta Sha Bakwai

Shekara tara ina goge kanta
a ɗakin gwaji na Samaru,
kullum kwalba ta sha bakwai ke tsayar da ni.

Ɗan kifi ne, bai kai tsawon cokali ba,
launin yashin da ya sha yayyafi,
da zane a haƙarƙari kamar tsagar gado.
Idanu a tsakar ka,
baki ya karkace sama
kamar mai jin haushin rufin ɗaki.
A doro ƙayoyi biyar, baƙaƙe wuluk,
nan dafin ke kwana.

Malam Tanimu ya ce ɗan teku ne,
inda ruwa ke da gishirin da ba wanda ya zuba.
Wai a gaɓa yake binne kansa,
ido da ƙaya kaɗai a waje,
yana dakon jatan lande,
sai ƙafar da ba takalmi ta riga isowa.
Ƙato kan zauna ya yi ta kuka
har a kawo ruwan zafi.

Ni iyakar ruwana Kubanni,
sai Galma in ta kawo.
Kurungu ya soke ni ina yaro,
har yau yatsan na tunawa in hadari ya haɗo.

Jiya da aka ɗauke wuta
na kai kwalbar bakin taga.
Ya juya a hankali cikin ruwan magani,
da idon da ya shekara talatin bai ƙifta ba.
Na ce, baƙo, ka yi nisa da gida.

Na mayar da shi kanta,
amma da tsumma na riƙe murfin.