Keken Bakin Ƙofa

Shagona na bayan Babbar Kasuwa,
keke shida, gawayi a dutsen guga,
wuta in ta zo mu gode, in ta tafi mu taka da ƙafa.

Nomau ne ke bakin ƙofa.
Shi ya ga ganyen zogale ya zube kan tabarma,
ya mai da shi aiki a wuyan riga.
Shi ya haɗa shuɗi da ruwan goro
lokacin da kowa ke cewa ba sa zama tare.
Matan unguwar Zariya har layi suke yi.

Shekara talatin da bakwai, bai kai goro gidan kowa ba.
Ɗaki ɗaya suke da Ma'azu a Mokoyo,
tukunya ɗaya, babur ɗaya,
kuma bakin Maraɗi ba ya ɗinkuwa.

Wata Laraba Hajiya Tsahara ta dire shadda kan teburi,
ta ce, "Ilu, ka san abin da ake faɗi?"
Na sani.
Ban ce mata shekara tara bai ci mini ko dala ba.
Ban ce shi ya ɗinka likkafanin uwata cikin dare ba.
Na ja kekensa zuwa ɗakin baya,
inda muke tara ƙyalle da jarkar ruwa.

Bai ce uffan ba.
Kwana goma sha ɗaya, ya ajiye mini almakashi, ya tafi.

Yaran sun iya kwaikwayo.
Zaren nan ne, allurar nan ce,
amma zogalen ya fito kamar an shanya shi.
Azumi ya raba tsakiya, Hajiya ta dawo da riga a leda:
"Wannan ba hannun da na sani ba ne."
Na ce, hannun yana da mai shi, Hajiya.

Da aka sha ruwa na hau kabu-kabu zuwa Mokoyo.
Ma'azu ya dama mini fura,
kunya ta hana ludayi kaiwa baki.
Nomau na gefe yana zane kan kwalin sukari.
Na yi maganar ƙarin jika biyar. Bai ɗago ba.

Ya ce, "Maigida, ba kuɗi ba ne.
A ɗakin baya ba a ganin launi.
Shuɗi da baƙi duk ɗaya suke."

Yau keken na bakin ƙofa, na goge shi, na ɗiga mai.
Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba.
Ina yanka, ina duban titi.