Daren Kasuwar Gujungu, Ni da Cindo

Cindo ya dawo daga Bankok ran jajibirin kasuwa,
da buhu uku na takalman roba
da labarin da ya fi buhunan nauyi.
Wai akwai wani titi can da ba ya runtsawa,
samarin Turawa da 'yammatansu, kowa goye da jaka kamar ɗa,
gajeren wando, silifa, ƙafa duk kaushi,
su fito daga wannan mashaya su faɗa waccan
kamar kiyashi ya iske sukari a zube.
Wai har kunama ake soyawa a tsire ta a tsinke.
Na ce, Cindo, mu da muke cin fara da yaji?
Taso, mu ma muna da titi.

Muka fara da teburin Talle mai shayi,
bakin tasha, inda motocin Haɗeja ke juyawa.
Ya ɗaga kofi sama da kai ya tsiyayo,
zaren shayin bai tsinke ba.
Kauri biyu, rabin burodi,
bashin jiya ya matsa wa na yau wuri a littafi.
Cindo ya ce kiɗan can a haƙarƙari ake jin sa.
Bai rufe baki ba, injin mai cajin waya ya tashi,
benci ya kama rawa da mu a kai.

Sai tukubar Ilu.
Hayaƙi, ƙuli, albasa mai sa hawaye.
Fataken awaki sun yi wa wuta ƙawanya,
kowa da buhu a kafaɗa, tabarma a naɗe.
Wani Bazabarme na ciniki da yatsu,
wani ɗan Anaca da ya zo sayen riɗi
yana tsinka Hausa yana ɗaurawa.
Na zunguri Cindo: ga masu jakar goyonka nan,
su ma ba su san inda za su kwana ba.

Gidan kallo, ɗari a ƙofa.
Ƙwallon da aka buga tun la'asar ake maimaitawa,
amma ihun sabo ne fil.
Wani ya taka min ƙafa, ya ba ni haƙuri da rabin rake.
Cindo ya ce, a can kuwa,
sai ya bar maganar a nan.

Mun fito, wata ya karkata kan rumfunan hatsi.
Bayan masallaci, kan turmin da ya fashe, ya zauna.
Ya ce, Tambai, ban shiga ko ɗaya ba.
A bakin titin na tsaya, fasfo a cikin safa,
hannu a aljihu ina danne kuɗin mutane.
Kwana tara, shinkafa da ƙwai,
don tsoron abin da ke cikin romo.
Mutum dubu sun gifta ni,
ba wanda ya ce ina gajiya.
Sai wata tsohuwa mai suyar ayaba
ta turo min kujera da ƙafa, ba ta ko dube ni ba.
Nan na zauna har ta kashe wuta.

Ban ce komai ba. Kare ya yi haushi, ya fasa.

Zangon ƙarshe wajen Uwale,
ta riga ladan tashi, mai ya fara ƙara a kasko.
Ta leƙa fuskarsa da tocila:
Kai ne ka je ƙasar Sin? Ka rame.
Ta ƙara masa ƙosai uku gyara.

Yana ci yana hura yatsu.
Ni kuma, da ban taɓa wuce Zariya ba,
ina kallon titinmu, fitila shida ce, biyu sun mutu.
Na ce, Cindo,
ita kunamar,
da ƙarinta ake ci, ko cirewa suke yi?