Rigar da Iya Ta Warware

Shekara goma sha ɗaya Baba na gadin shaguna a 'Yar Kutungu
da rigar sanyi guda, mai ruwan goro,
gwanjo ce tun asali, gwiwar hannunta ta sha faci.
Ranar da aka raba tufafinsa
babbar riga ta tafi wurin liman,
takalma suka bi ƙanensa Tunau,
ita kuwa ba wanda ya miƙa hannu.

Iya ta zauna gindin darbejiya bayan la'asar,
ta lalubo bakin zaren da tsinke,
ta ja.
Na ga kafaɗar ubana na saukowa layi bayan layi,
na ga ƙirjinsa na komawa curi.
Na sa takalmi na fita.
Kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Zaren ya fito a lanƙwashe kamar taliya.
Ta jiƙa shi a ruwan ɗumi,
ta rataye a igiyar shanya, dutsen guga na jan sa ƙasa,
har ya manta siffar mutumin da ya rufa.
Curi bakwai, a tsohuwar langa, ƙarƙashin gado.

Na farko ya zama hula da safa
ga jaririn Hajjo, wanda ya zo wata bakwai,
kansa bai fi lemon zaƙi ba.
Na biyu ya kewaye bakin mafici da faifai uku
da suka fara zubar da haƙora.
Daga nan lissafi ya ɓace mini.

Sai dai in tsince shi:
a ƙafar kazarmu, don kada ta ɓace cikin kajin Tabawa,
a bayan rediyo, yana riƙe da marfin batir,
a hujin gidan sauro, kamar tabon ƙuna,
a hannun tabarau ɗin Iya, inda kusa ta faɗi.
Yaran gidan suka samu ƙwallo da ba ta fasa tulu.
Ranar salla ƙanwata Yalwa ta fito da kitso,
ulu na reto a bayan wuyanta,
tana juyi gaban madubi,
ba ta san wa take ɗauke da shi ba.

Wata rana a makaranta na laluba aljihu,
makullin ɗakina ya fito da sabuwar igiya,
tufka uku, ƙulli biyu.
Na kai hanci.
Omo ne kawai, da ɗan hayaƙin murhu.
Duk da haka na daɗe a tsaye.

Na ce, Iya, da kin bar mana ita yadda take.
Ba ta ɗago daga kwarashi ba.
Ta ce, "A ƙasan akwati?
Ubanku bai taɓa kwana ba aikin yi,
ni ce zan kwantar da rigarsa gara ta ci?"

Bana yaron Hajjo ya shiga aji ɗaya,
kai ya yi girma, baki ya fi kan.
Jiya na dawo Rafindaɗi da yamma,
na tarar da Iya gindin darbejiyar nan,
'yar hular a cinyarta, tsinke a hannu.
Ruwan goron ya koɗe, ya koma ruwan ƙasa.
Matar Tunau ce ke da wata takwas.

Idonta ba ya ganin bakin zare yanzu.
Ta laluba, ta laluba, ta yi tsaki.
Na durƙusa na nemo mata.
Ta ce, "To, miƙo hannuwanka, kada ya sarƙe."

Na miƙa.
Ta fara naɗawa,
daga dama zuwa hagu, daga hagu zuwa dama,
har ladan ya kira magariba
ba mu gama ba.