Wa Ya Mallaka, Wa Ya Ara

Farfesa Urrutia ya ce kada mu ƙirƙiro sabo.
Kowa ya tono abin da ya taɓa rubutawa,
ya sauya masa harshe, ya kawo ran Litinin.

Na tono manhajar da na haɗa wa babana
ina 'yar shekara sha bakwai,
ta lissafin kifi a rumfarsa ta bakin teku.
Layi ɗari huɗu na Python,
a karkace kamar lungunan Valparaíso
masu hawa tudu suna haki.

Python ba ta taɓa yi mini gardama ba,
duk abin da na miƙa, hannu biyu take sawa.
Rust kuwa tun layi na tara ta tare ƙofa:
Wannan na wane ne?
Wa ya ara? Yaushe zai mayar?
Kin riga kin bayar, me ya sa hannunki ke kai har yanzu?

Jan rubutu ya cika allo.
Ƙarfe biyun dare, shayi ya huce,
jirgin dakon kaya ya yi ƙugi a tasha,
karnukan tudunmu suka amsa masa.
In na toshe kuskure ɗaya, uku su ɓullo,
gyaran gangar Auzinawa.

A tsakanin layuka na ci karo da ni ta dā.
Ta raɗa wa abu suna "kaza", na kusa da shi "kaza kuma",
ta bar saƙo: kada a taɓa nan, yana aiki, ban san dalili ba.
Na yi mata dariya,
sai na tuna ita ta gama nata,
ni ko rabi ban kai ba.

Layi na ɗari biyu da sha ɗaya:
in mai bashi Fresia ce, a tsallake.
Na manta da shi sam.
Fresia da teku ya riƙe wa miji.
Ranar, Baba na tsaye a bayana, hannunsa na ƙarni,
ya ce, koya wa injin nan ya riƙa mantawa da ita.

Python ta manta, ba ta nemi ba'asi ba.
Rust ta ce ita ba ta san mantuwa ba.
Kowane bashi da matsayinsa,
faɗi wanne ne, ki kira shi da suna.

Biyacce.
Wanda ake bi.
Na daɗe yatsuna na rataye a kan madannai,
sannan na ƙara na uku:
yafaffe.

Ta wuce. Ja ko ɗigo babu.

Da asuba na kira shi, yana sauke akwatunan ƙanƙara.
Ya fi na dā sauri? Na ce ya fi.
Fresia fa?
Na ce tana nan, Baba, yanzu har suna gare ta a ciki.
Ya yi shiru, ina jin tsuntsayen teku a bayansa.
Can ya ce kifi ya yi tsada yau,
in tabbatar na ci wani abu kafin in tafi aji.