Zama na Goma Sha Ɗaya

Ni ke buɗe ɗakin, bakwai da rabi,
can ƙarƙashin gini, inda jami'a ta ajiye mu
tsakanin ma'ajiyar tsintsiya da bututun ruwa.
Valparaíso na bisa kanmu da tuddanta,
teku na wanke wa gari ƙafa,
mu kuwa sai farar fitila da ƙugin fanka.

Akurki ashirin da huɗu, in ji ɗalibai.
Kowane da kwamfuta, da kujera, da allon katako
da ke hana ido ganin ido.
Ni ke goge su. Ni na san lamba tara
linzaminta na da gardama,
sha bakwai kuma sai an lallaɓa ta take farkawa.

Farfesa Ulloa ke da tambaya.
Ni ke da makullai, da takardar amincewa,
da ambulan da na cika da peso
har yatsana ya yi baƙi.
Tambayar ita ce: in an ba ka dubu biyar,
aka ce ga wani can, ba ka san shi ba, ba zai san ka ba,
nawa za ka miƙa masa, da fatan ya maido?
Wata uku kwamitin ɗa'a na juya takardunmu
kafin ya yarda a yi wa mutane wannan tambaya.

Suka shigo. Na karɓe wayoyi.
Na karanta ƙa'ida da murya lami, ba gishiri,
don an ce ko murmushina kan karkata sakamako.
Ban da magana. Ban da leƙe.
Kowa ya ja ƙuri'a ya koma lamba.
Fresia mai burodi a bakin ƙofar makaranta,
da muka gayyato kada a ce ɗalibai kaɗai muke aunawa,
ta zama sha huɗu, jaka a cinya.

A zagaye na shida ƙasa ta motsa.

Mu nan mun saba.
Mukan ɗaga kai mu dubi fitila, mu ci gaba da shan shayi.
Amma wannan ta ƙi wucewa.
Alluna suka hau kaɗawa, rufi ya zubo da gari,
wuta ta ɗauke.

A duhun nan na ji abin da babu shi a tsari.
Lamba uku, saurayi har da gemu, yana kiran uwarsa.
Sai muryar Fresia: taho nan, ɗana, kama hannuna.
Wani ya ce, ni ne Nahuel. Wata ta ce, Ximena.
Sunayen da na yi mako biyu ina ɓoyewa
suka watse kamar wake daga yagaggen buhu.

Da wuta ta dawo, ba kowa a akurkinsa.
Farfesa ta cire tabarau, ta daɗe tana gogewa.
Eliseo, rubuta: zama na sha ɗaya ya lalace.
Sun ga juna.
Gaskiyarta. Ba a awo da ma'aunin da aka taɓa.
Na rubuta, hannuna bai gama rawa ba.

Na biya kowa kuɗin zuwa, aka sa hannu.
Lamba uku ya tsaya a ƙofa yana sosa ƙeya.
Wai da wa aka haɗa shi?
An aiko masa da dubu biyar cur, zagaye biyar,
bai maido ko sisi ba.
Na ce doka ta hana ni faɗa.
Allona ya nuna min, na kuwa haɗiye.

Da yamma na hau matakala, na kulle ƙofa.
Ga shi can gaban teburin Fresia
yana cin burodi da zafinsa,
tana ƙirga masa canji, daidai wa daida.
Bai sani ba, ba ta sani ba.

Allon lamba biyar ya tsage, ina bukatar ƙusa.
Alhamis akwai zama na sha biyu,
sai na nemo wasu ashirin da huɗu
da ba su taɓa kama hannun juna ba.